Jimlar Ingilishi Mai Ɓoye Aikau Tare da Mataimakin Aikatau: Inda Ɗalibi Mai Jin Hausa Kan Yi Tuntuɓe

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mayar da Minna babban birninta, garin ya zama matattarar ma'aikata da ɗalibai. A nan aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, a nan ne kuma hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO take, wadda aka kafa a 1999. Gbagyi da Nufawa da Hausawa kan haɗu a kan Hausa a kasuwa da tashar mota, amma Ingilishi ne harshen aji da ofis. Ingilishin ofis kuwa, da na takardar jarrabawa da na kwalin magani, yana yawan amfani da wata siga guda, wato jimla mai ɓoye aikau wadda ke ɗauke da mataimakin aikatau irin su can da must da should da may. Wannan maƙala za ta duba yadda sigar take, da kuma inda ta saɓa wa Hausa.

2.0 Ginin Sigar

Ƙirar ba ta da wuya. Karɓau ne ke komawa farkon jimla, sai mataimakin aikatau ya biyo baya, sai be, sannan siga ta uku ta aikatau:

(1) All questions must be answered.
(2) The car cannot be repaired.

Mataimakin ba ya sauya siffa saboda jinsi ko adadi, be ma haka. Idan abin ya riga ya wuce, sai have been ta maye gurbin be. Kuskuren da ya fi fitowa fili a rubutun ɗalibai shi ne yar da ɗafa-ƙeyar -ed, kamar a rubuta must be answer ko should be ask. Asalin wannan daga furuci yake. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu ko uku a jere, saboda haka ƙarshen kalma irin asked kan zube a baki, daga nan ya zube a takarda. Wannan kuskure ne mai sauƙin gyara, kuma bai cika ɓata ma'ana ba.

3.0 Hanyoyi Biyu na Hausa

Hausa ba ta da siga ɗaya tak da za ta tsaya daidai da wannan. Hanya ta farko ita ce amfani da lamirin nan da ba ya fayyace mai aiki, wato an, a, ana, za a. Jimla ta (1) sai ta zama:

(3) Dole ne a amsa dukkan tambayoyin.

A lura, karɓau bai gusa daga wurinsa ba, aikatau ma bai sauya siga ba. Ɓoye sunan mai aikin kawai aka yi, shi ya sa ba a iya maƙalo shi a ƙarshen jimlar yadda Ingilishi ke yi da by.

Hanya ta biyu ita ce aikatau aji na 7 a rabon da Parsons (1960) ya yi, wato masu ƙarewa da -u, kamar gyaru da ɗinku da karantu. Jaggar (1988) da Newman (2000) sun yi bayani a kan yadda wannan aji ke nuna cewa abin da aikin ya faɗa wa shi ne ke zaune a gurbin aikau. A lokaci mai ci, musamman a korarriyar jimla, yana nuna yiwuwa ko rashinta. Don haka jimla ta (2) tana da fassara biyu:

(4) Ba za a iya gyara motar ba.
(5) Motar ba ta gyaruwa.

Duk makanikin da ke jin Hausa ya san ba ɗaya suke ba. A (4) ƙila kayan aiki ne babu, ko kuɗi, ko gwani. A (5) kuwa matsalar a jikin motar take, ko wa aka kira ba ta tashi. A nan Hausa ta fi Ingilishi rarrabewa, abin da ya kamata masu cewa Hausa ba ta da wannan siga su sake tunani a kai. Sai dai aji na 7 ba ya shiga ko'ina. Wanda ya fassara must be repaired da dole ta gyaru ya ƙara abin da Ingilishin bai faɗa ba, domin ta gyaru na nufin gyaran ya kankama sosai. Umurnin da ke cikin jimlar shi ne dole a gyara ta.

4.0 Korewa

Babban haɗarin yana wajen korewa. A dubi wannan jimla irin wadda akan gani a takardar cikin kwalin magani:

(6) This drug must not be given to children.

Ɗalibin da aka koya wa cewa must ita ce dole, not kuma ita ce ba...ba, zai haɗa su ya samu ba dole ba ne a ba yara wannan magani. Wato in an ga dama a ba su. Alhali kuwa hani ne kai tsaye: kada a ba yara wannan magani. Dalili shi ne a must not, korewar ba ta faɗa wa wajibcin ba, ta faɗa wa aikin ne, ma'ana wajibi ne a bar yi. Abin da ya yi daidai da ba dole ba ne shi ne need not be given. A cannot kuwa akasin haka ne, iyawar ce aka kore. Kalmar not ɗaya ce, wurin zamanta ɗaya, amma aikinta biyu, kuma babu wata alama a rubuce da za ta nuna wa mai koyo bambancin.

Ita may not ta fi rikitarwa, domin tana ɗaukar ma'anonin biyu:

(7) Phones may not be brought into the hall.
(8) Results may not be released today.

A (7) hani ne, ba a yarda a shigo da waya ɗakin jarrabawa ba. A (8) zato ne, mai yiwuwa ba za a fitar da sakamako yau ba. Ɗalibin da ya karanta (7) da ma'anar (8) na iya rasa jarrabawarsa saboda nahawu, ba saboda niyyar maguɗi ba.

Haka kuma have been kan raba ma'ana biyu da ɗalibai ke gaurayawa. The money must have been stolen ba umurni ba ne, hasashe ne mai ƙarfi: lalle an sace kuɗin. The form should have been signed kuwa na nufin kamata ya yi a ce an sa wa takardar hannu, kuma ba a sa ba. Littattafan aji sun fi mayar da hankali ga juya jimla daga wannan siga zuwa waccan, aikin da ɗalibi zai iya yi daidai ba tare da ya fahimci ko ɗaya ba. Malamin da ya sa shi ya faɗi jimla ta (6) da Hausa zai gane nan take ko kada ya ji, ko ba dole ba ne.