Igiyar da ta tsinke a Arecibo, alhali lissafi ya ce za ta riƙe

Duk sanda na bi ta gadar Lekki-Ikoyi a nan Legas, sai na ɗaga kai na kalli igiyoyin ƙarfen nan da suka riƙe ta. Wani ɗan'uwa da muke mota ɗaya ya taɓa tambayata, "Malam, wai in ɗaya ta tsinke fa?" Na ce masa ai injiniyoyi sun lissafa komai. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, don a raina Arecibo nake tunawa.

Arecibo wata katafariyar na'ura ce ta hangen sararin samaniya a tsibirin Puerto Rico, wadda aka buɗe a 1963. Faifai ne mai faɗin mita 305 a cikin kwari, yana tattara siginar rediyo daga taurari. A samansa an rataye dandamali mai nauyin kusan tan 900, da igiyoyin ƙarfe daga hasumiyoyi uku.

To yaya ake sanin nauyin da kowace igiya ke ɗauka? Ku ɗauki igiyar shanya. Idan ta yi lanƙwasa sosai, ba ta shan wahala. Amma ka ja ta har lanƙwasar ta ragu da rabi, ƙarfin da ke jan ƙusoshin bango zai kusa ninkawa. Ko kuma bokiti mai kilo 20 da aka rataye da igiya biyu: in suna tsaye, kowace ta ɗauki kilo 10, in aka buɗa su har suka kwanta zuwa digiri 30 daga ƙasa, kowace ɗaya tana jin kilo 20 cur. Ita kuwa siffar da igiya ke yi saboda nauyin kanta, tun 1691 Huygens da Leibniz da Johann Bernoulli suka fitar da lissafinta. Yau kwamfuta ce ke yanka igiyar gunduwa-gunduwa a lissafi, ta saka zafin rana da ke miƙar da ƙarfe, da iska, da motsin na'urar, sannan ta faɗi inda nauyi zai koma idan ɗaya ta gaza.

A watan Agustan 2020 igiya ɗaya ta zame daga mazauninta. Lissafi ya nuna sauran za su riƙe kafin a gyara. Sai ga shi ranar 6 ga Nuwamba wata babba ta tsinke, tana ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 kacal na nauyin da ya kamata ta jure. Ranar 1 ga Disamba dandamalin ya rufto kan faifan. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: ƙarshen kowace igiya an barbaza wayoyinta ne cikin wani kwaroro, aka narka zinki aka zuba, irin wanda ake shafa wa kwanon rufi. Rahoton da Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka suka fitar a 2024 ya ɗora laifin a kan zinkin nan, wanda ya yi ta saki sannu a hankali tsawon shekaru. A ganina ba lissafin ne ya yi ƙarya ba. An ba shi ƙarfin igiya na ranar da take sabuwa, ba a gaya masa bakin kwaroron yana tsufa ba.

Yanzu wadda ta fi girma ita ce FAST a lardin Guizhou na ƙasar Sin, mai faɗin mita 500, da aka kammala a 2016. Su ɗakin da suka rataye tan 30 ne kawai, a kan igiyoyi shida, kuma kwamfuta ce ke jan su tana sassautawa a kowane lokaci don ɗakin ya bi tauraro.