Kayan Aikin Masu Ƙera Kwano

Kunne ne ke fara kai mutum rumfunan masu ƙera kwano, ido ya biyo baya. A Panteka ta Kaduna ko kasuwar Katako ta Yamai, ƙarar bugu ba ta yankewa daga hantsi har la'asar sakaliya. Nan ake mayar da tsohon duro akwati, garwa ta zama bokiti, gwangwanin madara ya koma fitilar aci-balbal. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina yana ƙasa, gaban mai sana'ar: kayan aikinsa. In ka ɗebe almakashi da magagari, da wuya ka ga wanda aka sayo a kanti.

Uwar maƙerarsa guntun ƙarfen dogo ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma har yau guntayen tsohon layi na cin kasuwa a hannun 'yan gwangwan, don samansa a mulmule yake, gefensa kuma da kaifin kusurwa. A saman ake lanƙwasa cikin bokiti, a gefen ake karya bakin akwati. Kusa da shi akwai kututture da aka rarake tsakiyarsa, wani lokaci ma tsohon turmi ne da uwargida ta yar. A cikin ramin ake dukan faifan kwano har ya yi zurfi ya zama kasko.

Hausawa na cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, to mai kwano a sanyi yake dukan nasa. Dukan ƙarfe da zafi sai ranar da zai ƙera kurfi. Ranar ce zai nemo guntun sifirin ɗin mota, ya tura shi cikin gawayin ƙirya, yaro na zuga. In ya yi jawur sai a zaro da awartaki, a daki bakinsa har ya yi fele-fele, sannan a tsoma a ruwa ko baƙin mai. A wannan tsomawar gwaninta take. Ya sha da yawa, bakin zai ɓantare a bugun farko; bai sha ba, ya lanƙwashe kamar dalma. Na taɓa ganin wani dattijo ya mayar da kurfi wuta har sau uku, yana goga bakin a dutse yana duban launinsa, kafin ya gwada a gindin duro ya gyaɗa kai.

Duron kuwa sai an ƙona shi tukuna, mai da fenti su fita. A sare kai da gindi da kurfi, a tsaga cikin, yara su hau su tattake, sannan a bi shi da gudumar itace. Ta ƙarfe tana barin tabo, tana kuma sa kwano ya yi ta miƙewa inda ba a so, shi ya sa ake sassaƙa ta itace mai tauri, ƙirya ko kanya. Zana da'ira kuma ƙusa biyu da guntun waya sun isa. Bakin bokiti ana naɗe shi ne a kan waya, kaɗan-kaɗan, ana juyawa ana bugu, don kada ya yanki hannun mai ɗiban ruwa. Inda ake son toshe yoyo, guntun jan ƙarfe ne aka ɗaure a sanda, a gasa shi a narkar da dalma.

Al'adar rumfa ita ce yaro ya fara da miƙa kwano da tsinto ƙusa. Gudumar maigida ba a ɗaukarta sai da izini, kuma ba rowa ba ce: ƙotar ta riga ta saba da hannunsa, nauyinta daidai da damtsensa aka yi. Maƙwabci ma in ya aiko aro, akan ba shi ta yara. In yaro ya fara kawo ƙarfi, wata rana sai maigida ya jefa masa guntun sifirin.

"Ungo, je ka yi naka kurfin."

"Baba, in ya karye fa?"

"Ka sake. Gawayi bai ƙare ba."