Ƙurar Zarto Da Sankarar Hanci

A ƙasar Ingila akwai wani gari da a ke kira Hai Wikam, wanda ya yi suna wajen sassaƙa kujeru. A nan ne wata likitar hanci da kunne, Esme Hadfield, ta lura da wani abin mamaki, watau wata irin sankara ta cikin hanci, wadda da wuya likita ya gamu da ita, sai ga ta ta na ta bayyana ga kafintocin garin. A 1965 aka fara buga labarin, a 1968 kuma bincike ya tabbatar da cewa ƙurar katako ce sanadi. Ba a daɗe ba, a 1970, aka sami irin wannan ga masu yin takalma a lardin Nortamton, su kuwa ƙurar fata su ke shaƙa. A 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya, ta bakin reshenta mai binciken sankara, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbata su na jawo cutar.

Ita wannan sankara ta kan tsiro cikin hanci, ko cikin ramukan nan na ƙasusuwan fuska da ke kewaye da shi. Ba ta da yawa, gama a galibin ƙasashe ba ta kan kama fiye da mutum 1 cikin 100,000 a shekara ba, maza kuwa sun fi mata kamuwa. Lissafin Amurka daga 1973 zuwa 2006 ya nuna yawan masu tsira bai ƙaru da yawa ba. Har wa yau, cikin mutum 10 da aka gane su na da ita, kamar 6 ne su ke kai shekara 5 da rai. In an gane ta tun ba ta fita daga mazauninta ba, masu tsira su kan wuce 8 cikin 10. In ta yaɗu nesa kuwa, sai su koma wajen 4.

Dalilin da ya sa a ke makara shi ne, cutar ta na shigowa da kamannin mura. Ramukan nan fili ne, sai ƙari ya yi ta girma a ciki ba zafi. Amma mura ta kan toshe hanci duka biyu, ta sake cikin mako guda ko biyu. Abin tsoro shi ne kafar hanci ɗaya ta toshe ta ƙi buɗewa, ko ta riƙa haɓo, ko kunci ya kumbura ko ya mutu, ko haƙoran sama su yi girgiɗi, ko ido ɗaya ya riƙa hawaye. Wanda ya ga haka mako da makonni, lalle ya nufi asibiti.

Mu da ke aikin ilmi wannan magana ta shafe mu ƙwarai, domin cutar ta kan ɗauki shekara 30 ko 40 kafin ta bayyana. Yaron da mu ka miƙa wa zarto yau a ɗakin koyon sana'a, sai ya yi furfura sa'an nan abin da ya shaƙa zai tambaye shi. Haka kuma ɗan baduku da ke zaune rumfar ubansa.

Saboda haka mu na roƙon malaman sana'a da shugabannin kafintoci da na dukawa su bar iska ta ratsa wurin aiki, a yayyafa ruwa kafin shara, a sa yara su rufe hanci da takunkumi mai tace ƙura lokacin yanka da goge katako, a kuma hana su taba. Yaro ya fi saurin koyon abin da ya ga maigidansa ya na yi, don haka manya su fara sawa. Allah ya ba mu lafiya, amin.