Yaƙinin Iyawa da Matsayinsa Wajen Neman Ilimi

Duk malamin da ya daɗe yana karantarwa ya san a kan sami ɗalibai biyu waɗanda Allah Ya hore musu fahimta daidai wa daida, amma da zarar darasi ya yi tsauri, sai ɗaya ya dage har ya ga bayansa, ɗayan kuwa ya ajiye alƙalami tun bai gwada ba, yana cewa shi kansa ba ya ja. A kan wannan bambanci ne Albert Bandura, masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Stanford a Amurka, ya yi bahasi a 1977, inda ya kafa hujja cewa yaƙinin da mutum yake da shi na iya wani aiki takamaimai shi ke hukunta ko zai soma shi, da yawan himmar da zai ba shi, da tsawon haƙurinsa idan ya ci tura. Wannan kuwa ba ujubu ba ne, domin mai ujubu kansa yake gani, ba aikin ba.

Bandura ya fara lura da al'amarin wajen masu tsananin tsoron maciji, waɗanda aka bi da su sannu sannu, daga kallonsa cikin keji, zuwa taɓa shi da safar hannu, har suka ɗauke shi da hannu tsirara. Daga baya, a 1981, shi da Dale Schunk suka jarraba yara masu rauni a lissafin ɗebewa: wasu aka ce su nufi shafi 6 a kowane zama, wasu aka ɗora musu shafi 42 gaba ɗaya zuwa ƙarshen zama na 7. Na farkon suka fi ƙwarewa, suka fi amincewa da kansu, har suka riƙa neman lissafin don raɗin kansu.

Malaman allo sun daɗe da wannan hikima, ko da ba su sa mata suna ba, tun da yake ba a rubuta wa kolo abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba ya wanke allo sai ya biya an yarda. Yabo da ƙarfafa gwiwa suna da nasu amfani, haka ma yaro ya ga tsararsa ya iya, amma a wurin Bandura babu wanda ya kai nasarar da yaro ya samu da hannunsa. Inda nake ganin muna ɓarna shi ne wajen bulala, domin yaron da gabansa ke faɗuwa duk lokacin da aka kira shi biyawa yakan ɗauki faɗuwar gaban nan shaida ce cewa bai iya ba, alhali kuwa ya haddace.