Wata ne ke gudu, ko gajimare?

A daren damina a Tungar Guru, yaro kan ɗaga kai ya ce wata yana gudu. Bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya nuna masa ke nan. Amma gajimare ne iska ke korawa yamma, shi ya sa wata ya zama kamar yana tsere gabas.

Hoton da ke faɗawa cikin ido ba ya bayyana wanda ya motsa. Iyakar abin da yake nunawa shi ne tazarar da ke tsakanin wata da gajimare tana sauyawa. Ƙwaƙwalwa ce ke raba gardama, kuma tana da al'ada: babban abin da ya kewaye shi take ɗauka a tsaye, ƙaramin da ke tsakiya ta jingina masa motsin. A doron ƙasa wannan zato yakan dace, domin akuya ce ke tafiya, ba garka ba. A sama ne yake kuskurewa. Haka wanda ya tsaya bakin Gulbin Zamfara lokacin cikowa, ya ƙura wa ruwa ido, yake jin kamar shi ake tafiya da shi.

Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya kawo misalin wata da gajimare cikin kurakuran gani a Kitabul Manazir. A 1929 Bajamushe Karl Duncker ya jarraba lamarin a ɗaki mai duhu: ya motsa firam ɗin da ya kewaye ɗigon haske, masu kallo suka ce ɗigon ne ya motsa.

Wannan ya shafi masu fita duban jinjirin wata, waɗanda shaidarsu kan bi ta hannun hakimai da sarakuna har fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, a ɗauki azumi ko a ajiye. Mutum na iya zama adali, idonsa ya ruɗe shi.

Maganin ba shi da wuya. Ka tsaya wuri guda, ka daidaita abin da ka hango da reshen itace ko hasumiyar masallaci. Wata na gaskiya zai daina gudu nan take, yana gangarawa yamma a hankali, gwargwadon faɗinsa cikin kusan minti 2. Farin da ya ƙetare reshen cikin daƙiƙu kaɗan, gefen gajimare ne ko jirgin sama.