Wa Ke Kan Layi? Sirrin Tsofaffi a Gidajen Jinya na Amurka

A gidajen kula da tsofaffi na Amurka waya ba ta hutawa. Likita ya kira, kantin magani ya kira, sai kuma wata murya ta ce ita ɗiyar dattijon ɗaki kaza ce, tana son jin sakamakon gwajin jini. Ma'aikaciyar jinya kuwa ba ta ganin fuskar mai magana. A nan gizo ke saƙar.

Dokar HIPAA ta 1996, wadda ƙa'idojinta na sirri suka fara aiki a 2003, ba ta hana yi wa dangi bayani ta waya ba, muddin suna da hannu a hidimar majinyacin kuma shi bai ƙi ba. Amma iya abin da ya shafi hidimar tasu za a faɗa. Ɗan da ke biyan kuɗin ɗaki ba shi da hurumin jin cewa tsoho ya fara fitsarin kwance. Abin mamaki, dokar ba ta tilasta wa mai kira kawo shaidar ko shi wane ne ba, ta bar wa kowane gida ya tsara nasa. Shi ya sa wasu ke ba dangi lambar sirri, wasu su ce a ajiye wayar, su za su kira lambar da ke rubuce a fayil. Idan ba a ɗauka ba, saƙon murya kada ya wuce sunan gidan da lambarsa.

Sai muryar ma'aikacin kansa. Sau da yawa labule kaɗai ya raba gado biyu, kuma labule ba ya tare magana.

A ganina babbar ɓarakar tana aljihun ma'aikata, wato wayoyinsu. A 2015 kafar ProPublica ta tattara lamura 35 tun daga 2012 inda ma'aikata suka yaɗa hotunan wulaƙanci na tsofaffi, wasu tsirara, da dama ta Snapchat. A 2016 hukumar CMS, mai kula da shirye-shiryen inshorar lafiya na Medicare da Medicaid, ta umarci masu sa ido na jihohi su duba ko kowane gida yana da ƙa'idar hana hakan. Takarda dai ba ta bin ma'aikaci cikin banɗaki, kuma tsohuwar da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta ba za ta kai ƙara ba, don ba ta ma san an ɗauke ta hoto ba.