Intabiyun neman aiki: Tambayoyin da ake yawan yi da yadda ake shirya musu

A watan Maris na shekarar 2014, dubban matasa sun yi cincirindo a babban filin wasa na Abuja da wasu biranen Najeriya, domin jarrabawar shiga aikin hukumar shige da fice. Guraben da ake nema ba su kai 5,000 ba. An yi turmutsitsi, kuma aƙalla mutum 16 ne suka rasa rayukansu.

A ƙasar da neman aiki ya kai haka, duk wanda ya tsallake jarrabawa har aka kira shi intabiyu ya yi nisa. Sai dai sau da yawa a nan ne ake zubar da damar, cikin 'yan mintoci, a gaban mutum uku ko huɗu da ke zaune bayan tebur.

Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne tambayoyin ba su cika sauyawa ba, ko a banki ne, ko a ma'aikatar gwamnati, ko a ƙungiyar agaji.

Kunya da yabon kai

Tambayar farko kusan kullum ita ce mai neman aiki ya gabatar da kansa. Ita ce ake ganin ta fi sauƙi, amma ita ce ta fi kayar da matasan arewa.

Dalili kuwa tarbiyya ce. An koya wa yaro ya sunkuyar da kai a gaban manya, ya taƙaita magana, kuma tun yana ƙarami yake jin cewa yabon kai jahilci ne. Waɗannan ɗabi'u ne na gari, amma mai yin tambayar, wanda wataƙila bai san al'adar ba, yakan fassara shirun da rashin sani, sunkuyar da kai kuma da rashin tabbas.

Malamai kan yi nuni da cewa bayyana ƙwarewa ba alfahari ba ne, suna kafa hujja da kissar Annabi Yusuf, wanda da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasar, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ya cancanta.

Mafita ita ce mutum ya bar siffanta kansa, ya faɗi abin da ya aikata. Cewa “ni mai ƙwazo ne” yabo ne, kuma kowa na iya furta shi. Amma wanda ya ce lokacin yi wa ƙasa hidima ya koyar da lissafi a aji mai cunkoso, ya kuma shirya wa masu rauni darasin yamma, labari ya bayar, kuma ana iya bincikawa. Haka wadda ta riƙe littafin shiga da fitar kuɗi na shagon mahaifinta a kasuwa: wannan ma aiki ne, ko da ba a rubuta shi a takardar shaida ba.

Amsar kada ta wuce minti biyu. Ba a buƙatar tarihin firamare ko sunan unguwa. Karatu na ƙarshe, aikin da aka yi, da alaƙarsu da kujerar da ake nema sun wadatar.

Tunda galibin intabiyu a Najeriya da Turanci ake yin sa, a Nijar kuma da Faransanci, yana da amfani a riƙa furta amsar da murya a gaban aboki. Haddacewa kalma bayan kalma kuwa tana da haɗari, domin da zarar an katse mai magana, sai zaren ya kuɓuce masa.

Me ya sa nan kake so?

Gaskiyar mafi yawan masu nema ita ce aikin yi suke so, ko a ina ne. Masu tambayar ma sun san haka. Abin da suke aunawa shi ne ko mutum ya ɗauki lokaci ya san abin da ma'aikatar ke yi, da inda take da rassa, da nauyin da ke kan kujerar. Rabin sa'a a shafinta na intanet ya isa.

Idan aka tambayi rauninsa, cewa “ba ni da shi” ba ta gamsar da kowa. Gara ya ambaci na gaskiya wanda bai taɓa ginshiƙin aikin ba, kamar fargabar magana a taro, ya faɗi matakin da yake ɗauka a kai.

Wanda ya taɓa aiki za a so jin dalilin barinsa. Ko da an zalunce shi, zagin tsohon maigida ba ya jawo tausayi. Yakan sa masu sauraro tunanin abin da zai faɗa a kansu gobe.

Albashi da wurin aiki

A aikin gwamnati babu ciniki sosai, domin mai digiri na farko yawanci a mataki na 8 yake farawa. A kamfanoni ne batun ke da wuya. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a shekarar 2024, amma wannan ba ma'auni ba ne ga kowace sana'a. Ya kamata a tambayi masu irin aikin tukuna, sannan a ambaci adadi tsakanin kaza zuwa kaza, maimakon cewa “duk abin da kuka bayar”.

Akwai kuma tambayar ko mutum zai yarda a tura shi Legas ko Fatakwal. Wannan magana ce da ake kammalawa a gida, da iyaye ko miji ko mata, kafin ranar. Amsa “eh” don a samu aikin, daga baya a shiga neman hanyar dawowa, na ɓata suna tun kafin a zauna daram.

Kafin duk waɗannan, akwai masu duba takardu a ƙofa. Takardar kammala yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa, da ta haihuwa, da ta asalin ƙaramar hukuma a aikin gwamnati, duk ana son ganin na ainihi tare da kwafinsu. Bambancin harafi ɗaya a suna, kamar Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata, na iya jawo tambayoyi, don haka akan je kotu a yi takardar rantsuwa tun da wuri.